Haruffa Huɗu a Kan Ƙwai

Ranar da hazo ya sauka a tsibirinmu ba a ganin teku, sai dai a ji shi can ƙasa yana lasar duwatsu. Da safen nan na zuge tagar kicin, na tarar tsibiran tsallake duk sun tsinke daga gindinsu, kawunansu kaɗai ke shawagi a sama. Gonar lemon maƙwabta ta ɓace, igiyar shanyata ma ta ɓace. Daga cikin farin nan jirgin fito ya busa ƙaho, doguwar busa irin ta mai lalube.

Na juya na dubi mijina Genzo, in ga ko ya ji. Shi ne ya ja jirgin nan tsakanin tsibirinmu da garin Onomichi tun gashinsa na baƙi har ya yi fari, kuma ba wanda yake tuƙa shi yanzu da bai zaga ba saboda yadda yake busa ƙaho. Yana zaune a kekensa gaban tebur, bargo a gwiwa, hannun dama a yashe bisa cinya. Idonsa na kan taga. Ko ya ji ko bai ji ba, fuskarsa ba ta gaya mini ba.

"Baba, kun ji jirginku?" na ce a hankali. "In kawo muku shayi? Ko sanyi kuke ji?"

Tun da muka haifi Misao nake kiransa Baba, yadda take kiransa. Wannan ba sabo ba ne. Sabon shi ne "ku" ɗin nan, da muryar nan mai laushi kamar dafaffiyar kabewa. A asibiti na kwaso su, wurin 'yan matan da ke jinyarsa. Haka suke yi masa magana, su durƙusa, su yi murmushi, su tambaye shi abu su amsa wa kansu. Na ga yana yi musu shiru, sai na ɗauka haka ake yi da wanda ɓarin jikinsa ya shanye. Ni Kinue, da duk masu sayar da kifin bakin gaɓa suka san kaifin bakina, ni ce na koma ina lallaɓa kalma kamar mai ɗauke da ƙwai a cokali.

A kakar bara abin ya same shi, yana kan tsani yana cirar lemo. Hannu ya tafi, ƙafa ta tafi, magana ta tafi gaba ɗaya. Maganar dama ba ta da yawa. Genzo zai wuni bai ce uffan ba, kalma guda ce kawai ba ya rowarta. Kullum ya taso daga aiki, tun yana matakalar dutse ta ƙasa yake kwarara ta, har karen maƙwabta ya amsa: "Tadaima!" Na dawo. Ni kuma daga kicin, ko hannuna na cikin ruwa, in ce, "Okaeri." Sannu da dawowa. Idan muna faɗa in faɗe ta a daƙile, amma ban taɓa hana shi ita ba.

Ranar da aka sallamo shi, maza biyu suka ɗago kekensa suka tsallakar da shi bakin ƙofa. Na tsaya a kan katakon shiga, na jera masa takalman cikin gida suna fuskantarsa, amsata tana kan harshe. Ya dubi takalman, ya dubi bango, ya dubi agogo. To ni me zan amsa wa? Mutum bai ce ya dawo ba, ya za a yi in yi masa sannu da dawowa? Sai na haɗiye ta. Tun ƙarshen sanyi take nan a maƙogwarona, ba ta wuce ba, ba ta fito ba.

Shekaranjiya Misao ta bugo waya. An sami ɗaki a wani gidan kula da tsofaffi kusa da ita a Onomichi, mai tsafta, tagarsa na kallon ruwa. Suna son amsa yau kafin yamma, in ba haka ba su ba wani. Ta san na faɗi da shi a banɗaki makon jiya, ta san bayana ya fara gardama. Likita kuma ya ce ba wanda zai iya rantsuwa Genzo ya san inda yake.

"Mama," ta ce, "idan bai san nan ne gidansa ba, me kike tsare masa?"

Wannan ne ya fi ba ni tsoro. Idan da gaske bai sani ba, to ba shi nake riƙewa ba, kaina nake riƙe wa. Yau za ta zo a jirgin tsakar rana, ta koma a na ƙarshe, kuma kafin ta koma sai na ce e ko a'a.

Hazo yana sa ni barcin ido biyu. Na tsaya a taga ina goge kofin da na riga na goge, sai na ga kaina a cikin jirgin, ina 'yar shekara ashirin, da jakar aikina ta kamfanin gwangwanin lemo. Irin hazon nan ne ya tsayar da mu a tsakiyar ruwa ran nan. An kashe inji. Ba gaba, ba baya, ba sama, ba ƙasa, jirgin yana lilo a hankali kamar an rataye shi da zare. Ina zaune a lungu ina ƙoƙarin kada kowa ya gane tsoro nake ji. Sai ga wani dogon yaron inji, kunnuwansa fato-fato, gaban rigarsa duk baƙin mai, ya ajiye mini faranti a cinya ya juya da sauri kamar wanda ya yi sata. Omuraisu ne, wainar ƙwai rawaya shar, ta naɗe jar shinkafa a cikinta, an ƙera ta da tsini biyu kamar kwalekwale. A bayanta ya yi rubutu da jan tumatirin kwalba, haruffa a karkace: kar ki ji tsoro.

Na cinye tas. Da ya zo ɗaukar faranti na ce masa, "Gishiri ya yi yawa. Kuma wa ya ce maka tsoro nake ji?" Kunnuwan nan suka yi ja. Bayan shekara ɗaya aka ɗaura mana aure.

Abin da ya iya dafawa ke nan a duniya, bai ƙara ba, bai rage ba. Yana da baƙin kaskonsa na ƙarfe, wanda ba a wanke shi da sabulu, ba a soya kifi a ciki, ni ma ba na taɓawa. Duk ranar hutunsa sai ya kore ni daga kicin ya yi mana omuraisu, kuma duk abin da bakinsa ya kasa faɗa cikin mako, a kan ƙwai nake karanta shi. Bai taɓa ce mini yi haƙuri ba, amma na ci yi haƙuri ya fi a ƙirga. Na ci na gode ranar da na dawo da Misao daga asibiti a goye. Na ci mafaɗaciya, na ci rigar ta yi kyau. Ni kuma ramuwata ɗaya ce: in karanta, in taɓe baki, in sa bayan cokali in shafe rubutun, in ce, "Hannunka kamar kaza ta yi tonon ƙasa." Shi kuwa ya sunkuyar da kai yana ci, kafaɗunsa na rawa.

Ƙarar ƙofa ce ta dawo da ni.

"Na dawo!"

"Sannu da dawowa," na amsa, kafin ma in san na buɗe baki. Ga ta nan, ta fito sumul ba gargada. Na ji kunya har cikin ƙashina, na saci kallon Genzo. Ya juyo da kansa daga taga yana kallona, ba ƙofar ba. Na kawar da ido.

Misao ta shigo gashinta duk raɓa, da ledar tsarabar biredi a hannu. Ta durƙusa gaban ubanta ta kama hannunsa mai lafiya.

"Baba, ka ga hazon nan? Wanda ya gaje ka saura kaɗan ya kai mu can tsibirin Shikoku. Sai busa yake kamar saniyar da ta ɓace." Ta ɗago ta dube ni. "Mama, kin rame."

"Ke kuma kin yi ƙiba. Mun yi canjaras."

"Kai, Mama! Ko zama ban yi ba."

"To zauna mana, wa ya riƙe ki? Ki bi kujerar a hankali dai, ta tsufa."

Ta yi dariya, amma dariyar ba ta daɗe ba. Ta ajiye wayarta a kan tebur, fuskarta a ƙasa, mu duka biyu muka yi kamar ba mu gan ta ba. Ta tambayi me za a ci. Na buɗe firij na tuna motar kayan miya ba ta samu ƙetarowa da safe ba. Akwai shinkafar jiya a kwano, cinyar kaza guda, rabin albasa, ƙwai, bota, da 'yan ƙwayoyin koren wake. A jikin ƙofar kuma kwalbar tumatir na tsaye inda ya bar ta tun kaka.

Misao ta leƙo ta kafaɗata. "Ai kuwa wannan omuraisu ne da kansa ya jera kansa."

"Ban iya ba."

"Ke? Akwai abin da ba ki iya ba?"

"Aikin ubanki ne. Ko sau ɗaya bai bari na tsaya na gani da kyau ba."

"Bari in yi mana irin na yanzu. A yi ƙwan luɓus, a ɗora a kan shinkafa, a tsaga da wuƙa ya malale. Yara na so."

"Wannan ɗanyen ƙwan na 'yan birni? A gidan nan? Matsa can." Ban san lokacin da hannuna ya kai kan ƙusa ya sauko da baƙin kaskon ba. Ya fi yadda nake zato nauyi. Na juya na ce da muryar asibiti, "Baba, zan ɗan ari kaskonku, kun yarda ko?" Ya mayar da idonsa kan taga.

Na yanka albasa ƙanana, na yanka kaza kamar kan ɗan yatsa. Bota ya narke a kaskona na kullum, ya fara kumfa, ƙamshi ya tashi ya haɗu da hazon da ke shigowa ta taga, kicin ɗin ya zama kamar cikin jirgi. Har na ji ƙasa na ɗan lilo a ƙarƙashina. Albasa ta yi laushi, kaza ta yi fari, na watsa wake. Na ɗauki kwanon shinkafa zan juye.

Ƙwan, ƙwan.

Genzo ne ya ƙwanƙwasa tebur da hannun hagu.

"Kuna son wani abu ne, Baba? Banɗaki?" na ce.

Ya rufe ido.

"Wani lokaci hannun yakan motsa haka kawai," in ji Misao, ƙasa-ƙasa. "Likita ya faɗa."

Na juye shinkafa, na matsa tumatir a kai, na yi ta juyawa. Ta yi ja, amma ta yi danƙo, da na ɗanɗana kuma tsami ya tsaya mini a harshe. A nan na tuna ƙamshin da nake jiyowa daga bayan ƙofa duk ranar hutu, ƙamshin tumatir yana soyuwa shi kaɗai cikin bota har ya yi duhu. Ashe shi ake fara zubawa, a ƙone masa tsamin, sannan shinkafa ta biyo. Na dubi hannun da ya ƙwanƙwasa teburin. Yana nan kwance kusa da cokali, kamar bai taɓa motsi ba. Na ture shinkafar gefe guda, na ƙara bota da tumatir a filin da ya buɗe, na bar shi ya soyu, sannan na gauraya. Ban ce wa Misao komai ba. Ina tsoron in sa rai.

Ƙwai biyu na fasa, na kaɗa da tsinken cin abinci, na ɗan barbaɗa gishiri. Baƙin kasko ya yi zafi, na zuba, ƙwai ya bazu ya rufe ƙasan kamar mayafi. Na ɗora shinkafa a tsakiya. Daga nan ne fa ido ya raina fata. Na sha hango shi ta ƙofa yana karkata kaskon, yana yin wani abu da hannu, wainar tana mirginawa da kanta tana naɗewa. Ni da na gwada da cokali, ƙwan ya yage nan, ya yage can, shinkafa ta ɓullo ta ko'ina. Na juye a faranti na tura wa Misao.

"Wannan omuraisu ne ko hatsarin mota?" ta ce.

"Ci ki rufe mini baki."

Na goge kaskon, na sake bota, na sake ƙwai. Idona na cike, ban san dalili ba. Ko na sani. Ina tunanin ɗakin nan mai tsafta da tagarsa mai kallon ruwa, da yadda za a durƙusa a gabansa kullum a tambaye shi a amsa masa. Ina tunanin ko zai ma ga bambanci. Na ɗora shinkafa a kan ƙwai, na ɗauki cokali.

Ban ji zuwansa ba. Keke ba ya tafiya da hannu ɗaya, zagaye kawai yake yi, amma ashe ya sa ƙafar hagu a ƙasa yana ja, yana ja, har ya iso bayana. Sai kawai na ji an fizge igiyar rigar girkina. Na yi baya, kasko ya karkace, harshen wuta ya lashi gefen hannuna. Kafin in daidaita, hannunsa ya haura ya kaɓe cokalin, ya faɗi ƙasa yana ƙara.

Wani abu ya tsinke a ƙirjina.

"Kai tsoho! Ka haukace ne? Wuta ce fa a gabana! So kake ka ƙone ni ka ƙone gidan ka huta?"

"Mama!" in ji Misao, ta miƙe tsaye.

"Ke yi mini shiru! Kai nake wa magana, mai kunnen faranti! Shekara da shekaru kana cika baki da kaskon nan, kar a taɓa, kar a wanke, kamar gadon kakanka. Ko sau ɗaya ka ce Kinue zo ki gani? Ka kore ni kamar kyanwa! Yanzu da na ƙona hannu ina fama, ka lallaɓo kana kaɓe mini cokali. Wa ya aike ka hawa tsani ma? Ban ce ka bar wa yaran maƙwabcinmu Murakami su cire ba? Ban faɗa ba? Taurin kai kamar tushen lemo! Ka tafi ka bar ni da gida shiru, ina ta magana da bango, ina ta yi maka ladabi kamar baƙo, bakina har ya yi tsami. Na gaji! Ka ji ko ba ka ji ba, na gaji!"

Numfashina ya ƙare. Hawaye na zuba har cikin wuyan rigata.

Sai na ji wani sauti, kamar an ja tsohuwar ƙofa. Na duba. Kansa a sunkuye, kafaɗarsa ta hagu tana rawa. Rabin bakinsa ya ɗage sama. Dariya tsohon nan yake yi.

Ya miƙo hannu ya kama tsintsiyar hannuna, wanda ke riƙe da mariƙin kasko, ya ɗaga shi sama kaɗan har kaskon ya sunkuya gaba. Shinkafa ta zame zuwa baki. Sai ya dunƙule hannu ya ɗan doki tsintsiyar tawa. Tim. Wainar ta motsa. Tim. Gefen ƙwai ya ɗago ya kwanta a kan shinkafa. Tim, tim, a hankali, kamar bugun injin jirgi idan an rage masa wuta. Ina kallo tana mirginawa da kanta, tana naɗewa, har bakin biyu suka haɗu a ƙasa. Ashe sirrin ke nan. Ba kaskon yake doka ba, hannunsa yake doka.

"Faranti, Misao," na ce.

Na kifa kaskon. Ta faɗo rawaya, gefe ɗaya ya ɗan yi duhu saboda faɗan da na tsaya yi, amma ba yagewa ko ɗaya. Na rufa mata tsumma mai tsafta na matse tsinin biyu yadda nake ganin tasa. Kwalekwale sosai. Na kashe wuta, na tura kekensa gaban tebur, ba a hankali ba, na ajiye masa.

Bai dubi cokali ba. Kwalbar tumatir ya miƙa wa hannu.

Misao ta dube ni, na dube ta. Na buɗe masa murfin na sa masa a hannun hagu, hannun da bai taɓa rubutu ba. Na riƙe farantin da hannu biyu don kada ya zame. Kwalbar tana rawa. Ɗigo ɗaya ya faɗi a gefe, wani ya bi shi. Sannan jan zare ya fara fita.

Ɗan gajeren layi a kwance. Wani ya sauko ya ratsa shi.

Haka harafin farko na tadaima yake farawa. Haruffa huɗu ne a irin rubutunmu, kuma bayan wainar zai ɗauke su idan ya matse. Na dawo. Abin da nake jira ke nan tun ƙarshen sanyi. Amsata ta taso daga maƙogwaro ta dawo kan harshe, da ɗuminta, har na buɗe baki.

Sai layin da ya sauko ya ƙi tsayawa. Ya lanƙwashe, ya zagayo, ya yi ciki kamar ƙugiya. Na ce a raina shi ke nan, hannun ya kuɓuce masa. Ya ɗiga ɗan ɗigo a sama, ya matsa gaba. Harafi na biyu ya ɗauke shi lokaci, gumi ya tsattsafo masa a goshi. Na uku ya fito a karkace. Na huɗu bai samu wuri ba, rabinsa a kan ƙwai, wutsiyarsa ta zubo kan faranti. Ya ajiye kwalbar ya jingina, yana haki kamar wanda ya hau matakalar dutse.

Misao ce ta karanta, a hankali. "Okaeri."

Sannu da dawowa.

Ta zauna. Ta sa hannu ta rufe bakinta, sannan ta sauke. "Ya juya su, Mama," ta ce. "Shi ne ya dawo, amma ya rubuta amsar. Likita ya ce haka suke yi, kalma ta zo a madadin 'yar'uwarta." Ta share ido. "Ko kuma ni yake nufi. Baba, ni ce ko? Ni kake wa sannu?"

Genzo ya dube ta, ya girgiza kai sau ɗaya. Ya sa yatsa biyu a bakin farantin ya tura. Farantin ya wuce gabansa, ya wuce wayar Misao, yana jan tebur da ƙara, har ya zo ya taɓa hannuna. Sannan ya ɗaga haɓa ya nuna ni, irin nunin da yake yi idan yana nufin ke.

"Ni?" na ce. "Ina na je? Ni da ko bakin gaɓa ban sauka ba tun da..."

Ban ƙarasa ba. Yana kallona da idon nan na yaron inji, rabin bakinsa a ɗage. Na ji muryar da na yi watanni ina yi masa magana da ita, kun ji jirginku, in kawo muku shayi, na ji ta kamar daga bakin wata mata da ban sani ba. Ita ya tarar a bakin ƙofa ranar da aka kawo shi, ta jera masa takalma tana murmushin asibiti. Ya duba bango, ya duba agogo, duk nasa ne, amma matarsa ba ta nan. Ina nan ina jira ya ce ya dawo, ashe shi ma zaman jira yake yi.

A waje hazo ya fara yagewa. Tsibiran tsallake suna saukowa ɗaya bayan ɗaya suna zama a kan ruwa. Na ja kujera na zauna kusa da shi. Kalmar da na tanada ba ita ake bukata ba, sai na nemi ɗayar, wadda ban taɓa faɗa masa ba, don kullum ni ce a ciki.

"Na dawo," na ce.

Ya gyaɗa kai. Ya turo mini cokali.

Na daɗe ina kallon haruffan. Raina bai so in taɓa su ba, da so samu ne in ajiye farantin a haka har abada. Amma yana jira, na kuma san abin da yake jira. Na taɓe baki, na juya cokalin, na shafe su da bayansa tun daga tsini har tsini.

"Hannunka ya ƙara lalacewa," na ce. "Da kaza ce, yanzu kaguwa." Na ɗebo na kai baki. "Kuma gishiri ya yi yawa."

"Ke fa kika zuba, Mama," in ji Misao, tana dariya tana kuka.

"Shi ya tsaya a kaina."

Na ɗebo wani cokalin na kai masa. Ya karɓe cokalin daga hannuna ya ci da kansa, rabi a baki rabi a bargo, ban goge masa ba. Misao ta juya wayarta ta dubi fuskar, ta dube ni.

"Bayanki fa, Mama? Banɗakin fa?"

"Ki nemo wanda zai riƙa zuwa yana taya ni wanka da shi. Namiji mai ƙarfi, wanda ba ya jin zagi. A sa ƙarfen dafawa a bango. Ɗakin kuma ki ce su ba wani."

"Me zan ce musu?"

"Ki ce mutanen gidan duk suna gida."

Ta fita bakin ƙofa da wayar. Can ƙasa jirgin ya sake busa, wannan karon gajeriya, don ya ga gabansa. Genzo ya yamutsa fuska ya ƙwanƙwasa tebur sau biyu.

"Na ji," na ce. "Mai tuƙin nan bai iya busa ba. Ci abincinka, tsoho, kafin ya huce."